Haƙorin Kare da Haƙƙinsa a Kan Ubangidansa

 

Na san akwai wanda ya yi murmushi da ya ji taken laccar nan. A ƙasar da ake kiran mutum kare don a wulaƙanta shi, duk wanda ya miƙe ya ce a riƙa goge wa kare haƙora ya san zai sha dariya. Amma duk da wannan raini, kare ma'aikaci ne a ƙasar Hausa. Shi ke bin mafarauta daji da rani, shi ke kwana a bakin garke yana korar kura da ɓarawo, shi ke gadin gona, kuma tun da tsaro ya taɓarɓare gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sun ajiye manyan karnukan Turawa a bayan get. Duk waɗannan ayyuka da baki ake yin su, domin kare ba shi da hannu. Abin da nake son in kafa wa hujja a yau abu ɗaya ne. Cutar da ta fi lalata bakin kare dauɗa ce ke kawo ta, dauɗar nan kuwa ba abin da ke cire ta yadda ya kamata sai gugar hannu a kai a kai, saboda haka wannan aiki yana cikin haƙƙin da ke wuyan duk mai cin moriyar kare. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu fara leƙa cikin bakin. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. A wajen wata 4 yake fara famfara, kafin ya cika wata 7 kuma haƙoran girma sun kammala, guda 42, 20 a sama 22 a ƙasa, wato ya ɗara ɗan Adam da 10. Biyu daga cikinsu nake son ku riƙe. Akwai fiƙar sama, wadda abin da ke binne nata cikin ƙashi ya fi abin da ido ke gani tsawo, kuma siririn ƙashi ne kawai ya raba saiwarta da kogon hanci. Akwai kuma babban haƙorin yanka na sama, na huɗu in ka ƙirgo daga bayan fiƙa, wanda yake datse nama da jijiya da shi. Saiwarsa 3 ce, a ƙarƙashin ido take, kuma a daura da shi hanyoyin yawu na kumatu suke zubowa. Shi ya sa in ka ɗaga leɓen kare mai shekaru, a nan za ka fara ganin dauɗa mai ruwan ƙasa ta lulluɓe haƙori.

Mu mutane abin da ya fi damunmu kogon haƙori ne, wanda ake cewa tsutsa ta ci. Kare bai cika samun wannan ba, kamar 5 cikin 100 ne kawai, domin haƙoransa masu tsini ne, ba ya shan zaƙi kamar mu, yawunsa kuma ba shi da tsami, ya fi karkata ga ɗabi'ar kanwa. Sai dai yawun da ya tsare shi daga kogo shi ke jawo masa wata matsalar. Sa'o'i kaɗan bayan an goge haƙori fes, wata dauɗa mai yauƙi da ido bai cika gani ba take fara shimfiɗuwa a kansa. Ana ɗauka ragowar abinci ce, alhali mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne da suka manne da juna. In aka bar ta 'yan kwanaki, ma'adinan da ke cikin yawu su ratsa ta, ta sandare ta zama ɓawo mai tauri da buroshi ba ya ɓamɓarewa. Ɓawon ake gani, shi ya sa shi ake zargi, amma mai laifin na ainihi ita ce dauɗar mai laushi da ke gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Ɓawon mafaka yake ba ta saboda kaushinsa. Jiki yakan tashi yaƙi da ƙwayoyin nan, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini in an taɓa. Har zuwa nan komai yana iya komawa daidai in aka kawar da dauɗar. In aka ƙyale, kumburin ya gangara ƙasa, ya cinye zaruruwan da suka ɗaure haƙori, ya zaizaye ƙashin muƙamuƙi, mugunya ta taru, haƙori ya yi ta girgiɗi har ya faɗi. Ƙashin da ya tafi kuwa, ko nawa aka goge ba ya dawowa.

Wannan bayani an gwada shi, kuma wani babban ɓangare na abin da likitocin haƙorin mutane suka sani game da ciwon dasashi, a bakin kare aka tabbatar da shi. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Danmak suka sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora; cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke. To ba za a hana mutum goge baki na shekaru don a ga ƙarshen abin ba, sai aka koma kan karnuka. A 1975 Jan Lindhe da abokan aikinsa a Suwidin, har da shi Löe ɗin, suka buga sakamakon gwajin shekara 4 a kan karnuka 20 na jinsin bigul. Rabinsu ana goge musu haƙora sau biyu kullum, rabi an bar su haka. Waɗanda ake gogewa suka ƙare shekarun da lafiyayyen dasashi. Waɗanda aka bari dauɗa ta taru, dasashi ya kumbura, kuma a mafi yawansu cutar ta ci har ta kai ga abin da ke riƙe da haƙorin. Sai tambaya ta gaba, sau nawa ya isa? Wani gwaji a ƙasar Holan a 1986 ya nuna sau 3 a mako yana riƙe dasashin da yake lafiya, amma wanda ya riga ya kumbura sai an goge kullum yake komawa daidai. A 2015 Colin Harvey da abokansa a Amurka suka kwatanta gogewa kullum, da tsallake kwana ɗaya, da mako-mako, da bayan mako biyu, biyun farko suka yi wa sauran nisa. Dalilin a fili yake: dauɗar cikin kwanaki take sandarewa, wanda ya jira daga Juma'a zuwa Juma'a ya makara.

A 2021 masu bincike na babbar kwalejin likitocin dabbobi ta Landan suka duba bayanan karnuka 22,333 da aka kai asibitoci a Birtaniya cikin shekara guda, suka tarar 12.5 cikin 100 an rubuta musu wannan cuta. Ƙwararrun likitocin haƙorin dabbobi kuwa sun daɗe suna cewa mafi yawan karnuka kafin su wuce shekara 3 sun fara nuna alamarta. Maganganun biyu ba su ci karo ba. Na farko abin da aka gani ne kare yana farke yana fizge kai, na biyu abin da ake tararwa ne in an sa shi barci an auna zurfin dasashi an ɗauki hoton ƙashi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna irin ɓuyan da cutar ke yi. Ƙananan karnuka sun fi kamuwa, don haƙora 42 a ɗan ƙaramin muƙamuƙi cunkushe suke; masu sayen 'yan karnukan nan masu gashi buzu-buzu da ake yayi a birane su lura. Wannan ɓuya ita ke haifar da maganar da likitan dabbobi ke ji kullum, “Ai lafiyarsa ƙalau, yana cin abincinsa.” Cin abinci ba shaidar lafiyar baki ba ce ga kare. Ba ya tsayawa niƙa, loma yake haɗiyewa, don haka yana iya cika cikinsa da ruɓaɓɓen haƙori a baki, sai dai ya juya abincin ɗaya gefen. Jijiyoyin haƙorinsa irin namu ne, zafin da ke hana mutum barci shi ma yana jin sa, bakin faɗa ne ba shi da shi. Alamun sai mai lura: warin baki da ya wuce misali, jini a jikin abin da ya tauna, ya ɗauki abinci ya yar, kare mai son wasa ya koma ƙin a taɓa masa kai. In ruɓa ta kai saiwar babban haƙorin yanka, sai kumburi ya fito a ƙarƙashin ido, ya fashe, ya rufe, bayan 'yan makonni ya dawo. Mai shi ya yi ta shafa magani a fata yana cewa wani abu ne ya cije shi, alhali tushen yana cikin baki. In fiƙar sama ce, siririn ƙashin nan ya huje, ruwa da abinci su riƙa bi ta hanci, kare ya yi ta atishawa yana majina ta kafa ɗaya. Bincike ya kuma nuna dangantaka tsakanin cutar dasashi mai tsanani da lalacewar ƙoda da hanta da zuciya. Dangantaka ce aka gani, ba zan ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba. Abin da ke faruwa a cikin bakin ya ishe mu hujja.

Dattawa kuwa suna da tasu tambayar mai ƙarfi. Wa ke goge wa kyarkeci baki a daji? Kakanninmu sun yi farauta da karnuka shekaru aru-aru ba buroshi, ƙashi kawai ake jefa musu. Akwai gaskiya a ciki, domin tauna abu mai tauri da yagar fata da jijiya suna kankare ɓawon dauɗa, kuma karen da ke rayuwa a kan tuwo da jiƙaƙƙen ƙanzo da sauran shinkafa ya fi tara ta. To amma an je an duba kyarkecin. A 1999 wasu likitoci biyu, Steenkamp da Gorrel, suka binciki ƙoƙunan kai 29 na kyarketan Afirka, waɗanda abincinsu naman daji ne da ƙashi. Biyu kacal aka samu da ɓawon dauɗa. Amma 41 cikin 100 suna da alamar cutar nan mai cin ƙashin muƙamuƙi, 48 cikin 100 kuma suna da karyayyun haƙora. Ƙashi ya wanke abin da ido ke gani, bai kai gindin haƙori inda cutar take ba, sannan ya bar karaya a baya. A karnukan gida, babban haƙorin yankan nan yana cikin waɗanda suka fi karyewa: kare ya danne ƙashin ƙafar saniya da shi, gefensa ya ɓalle, ɓargon haƙorin ya bayyana, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su gangara saiwa. Dafaffen ƙashi ya fi muni, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Sannan a tuna, dabbar daji da karen da ke yawon bola ba su cika daɗewa a duniya ba, wani abin ke kashe su kafin haƙora su zube. Karen da ake ciyarwa ana yi masa allura yana iya kai shekara 10 ko fiye, wanda ya tsawaita masa rai kuwa shi ya kamata ya kula da haƙoran da zai yi tsufan da su.

Ba cewa nake a hana kare tauna ba. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ne: abin da ka danna da farce bai lotsa ba, ya fi ƙarfin haƙorinsa. Ƙaho da kofato da ƙashin ƙafa duk sun faɗi wannan jarrabawa. Busasshiyar fatar da ake sayarwa don tauna tana rage dauɗa, amma 'yar taimako ce, domin da haƙoran baya kare yake taunawa, fiƙoƙi da na gaba ba sa samun komai. Abincin kare na buhu kuma yawancinsa da an cije yake farfashewa, bai kai ga dasashi ba. Ga gargaɗin da nake roƙon kowa ya tafi da shi: makilin ɗinmu na mutane kada ya shiga bakin kare. Kare ba ya kurkurewa ya tofar, haɗiyewa yake yi, fuloraid ɗin da ke ciki kuwa ba a yi shi don haɗiya ba. Mafi haɗari, wasu man goge baki da cingam marasa sukari suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna zailitol, wanda a jikin kare yake sa sukarin jini ya faɗi warwas, sau da yawa cikin ƙasa da awa guda, har ya kai ga jijjiga ko lalacewar hanta. Gishiri da kanwa da toka ma a bar su. In an sami man da aka yi don karnuka, madalla, ɗanɗanonsa na sa kare ya so abin. In ba a samu ba, ruwa ya wadatar. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda ya san asuwaki, ya san gugar ce ke aikin.

Ga Musulmin da ke cikinmu akwai tambayar da ba ta wasa ba: ta yaya zan sa hannu cikin yawun kare? Fatawa ta malamai ce, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu sananne ne. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7 kuma bin umarni ne na ibada, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne, sai an wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Wanda ya ɗauki ra'ayi na biyu, ko wanda zuciyarsa ce kawai ba ta kwanta ba, safar hannu ta roba da buroshi mai dogon mariƙi sun raba shi da matsalar. Ko ba don addini ba ma likita zai ce ya sa safar, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Abin da mazhabobin nan suka haɗu a kansa shi ne halaccin ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi, da kuma cewa dabbar da ka tsare, kula da ita yana wuyanka. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, yara ma sun san shi. Ban ga yadda za a yarda ƙishirwar kare abin tausayi ce, sannan a ce ciwon haƙorinsa ba ruwan kowa ba.

Tsoron da na fi girmamawa shi ne na cizo da ciwon haukan kare, domin a kansa rai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a yawu take, ba sai an yi cizo ba, tana shiga ta ƙujewa ko tsagewar fata, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Masu rubuta shawarar kula da kare a Ingila ko Suwidin ba sa damuwa da wannan, don sun rabu da cutar a karnukansu. Mu ba mu rabu ba, saboda haka a nan allura tukuna, sannan buroshi. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin allurar a nan gida. Karen da ba a yi wa ba, ko wanda ba ka san tarihinsa ba, hannunka kada ya kusanci bakinsa. Akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. Wani nau'in haukan kare ba ya zuwa da hargowa, shanye muƙamuƙi da maƙogwaro yake yi, kare ya saki baki yana dalala yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai tausayi ya zura hannu zai ciro ƙashin, ya kwashi cuta. Duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya yana zubar da yawu, a killace shi a kira likita. In an sami cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Wannan haɗari bai rushe hujjata ba. Karen da ya saba tun yana ƙarami ana taɓa masa baki ya fi sauƙin riƙewa ranar allura, ya fi sauƙin ba magani, kuma ubangidansa ne zai fara lura in wani abu ya canza.

Yadda ake yi ba wuya, haƙuri yake so. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara da ƙuruciya, bayan allura. Wanda ke ba kare abinci shi zai yi, kada a sa yaro ko baƙo. Kwanakin farko shafa kai da kumatu ne kawai, a ɗaga leɓe a saki, a ba shi ɗan abin da yake so. In ya saba, a naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa, a tsoma cikin romon nama marar gishiri da albasa, don albasa guba ce ga kare, a shafa a fiƙoƙi da gefen haƙora. Bayan mako ɗaya ko biyu a kawo buroshi mai laushi, irin na yara ya yi. Ba a wangale masa baki da ƙarfi. Bakin a rufe, hannu ɗaya ya ɗaga leɓe, ɗaya ya zura buroshi ta cikin kumatu. A karkata gashin buroshin ya kalli dasashi, ya taɓa daidai mahaɗarsa da haƙori, a riƙa 'yan zagaye ƙanana. Gefen da ke fuskantar kumatu shi ne muhimmi. A fara da babban haƙorin yanka da fiƙa, a bar 'yan na gaba ƙarshe, don nan ne kare ya fi ƙi. Minti 1 zuwa 2 ya isa. In ya yi gurnani ko ya sandare, a tsaya, gobe a koma matakin baya. Duka da danniya suna rushe aikin wata guda cikin rana ɗaya. Babban karen gadin da bai san wannan tun farko ba, a bar batun yatsa, a tafi ga buroshi mai dogon mariƙi, in ya ƙi kuma a haƙura. Ɗan jini a kwanakin farko alamar kumburi ne, yakan daina in an ci gaba, amma in akwai haƙori mai girgiɗi, ko mugunya, ko kare yana kuka in an taɓa, sai likita ya gani kafin buroshi. A wata na 7 a duba ko fiƙar nono ta ƙi faɗuwa ta tsaya gefen sabuwa. Cirewa ake yi, don tsakaninsu dauɗa ke taruwa.

Wani zai ce, mutane ma ba su sami likitan haƙori ba, sai kare? Gaskiya ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Amma in aka duba, wannan magana bayana take goyo. Mai kuɗi a Landan in ya yi sakaci yana da mafita, ya kai kare asibiti a sa shi barci a wanke da na'ura a cire abin da ya ruɓe. Makiyayi a ruga ko mafarauci a ƙauye, tafiya ce mai nisa tsakaninsa da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Sakkwato ko na Maiduguri, ga kuɗin aiki. Wanda ba shi da halin magani shi ya fi buƙatar rigakafin da kuɗinsa bai wuce na buroshin yara ba. Kada kuma wani ya ce zai yanke hanya ya kankare ɓawon da wuƙa kare yana farke. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017, ta yi watsi da kankara ba tare da maganin barci ba: haƙori yana fari a ido, ba a kai ƙarƙashin dasashi ba, an karce shi an ƙara masa kaushi, ga haɗarin rauni ga kare da mai kankarar. Ɓawon da ya riga ya kafu aikin likita ne, aikin gida shi ne hana shi kafuwa da hana shi dawowa. Kuma aiki ne da mutane ke kasawa ko'ina. A Suwidin ɗin da aka yi gwajin da na ambata, wani bincike da aka buga a 2020, wanda masu karnuka kusan 60,000 suka amsa, ya nuna kimanin 4 cikin 100 ne kawai ke gogewa kullum. Ke nan abin da ke hanawa rashin sabo ne, tunda can kuɗi da asibiti ba su yi ƙaranci ba. Dabarar ita ce a ɗaura shi da abin da ake yi kowace rana, misali dab da abincin yamma, har kare ya gane bayan buroshi kwano ke zuwa. Wanda bai iya kullum ba ya riƙe sau 3 a mako, shi ne mafi ƙarancin abin da gwaji ya nuna yana riƙe lafiyayyen dasashi.

Kirana ga likitoci da malaman dabbobi da ɗaliban da ke zauren nan ne. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya, a wurare da dama ana gangamin allura, kuma ga karnuka da yawa lokacin ne kaɗai ma'aikacin lafiya ke ganinsu. In kare ya dawo sabunta allura, ku sa ubangidansa ya ɗaga leɓen da hannunsa, ku nuna masa babban haƙorin nan da launin dasashin, ku faɗa masa da Hausa abin da yake gani da abin da zai yi. Sarakunan farauta da shugabannin makiyaya, maganarku ta fi tamu shiga kunnen jama'arku, ku taimaka ku kai ta. Masu karnukan gadi a birni kuma, ku saya wa mai kula da karen safar hannu da buroshi, ku tabbatar takardar allurar ba ta wuce lokaci ba kafin ku sa shi wannan aiki.